Babin da Malam Uwaisu bai karanta ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga Rajab, shekara ta 1345, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran malaminmu, Malam Uwaisu na Jibiya.

Malam, ban taɓa ganin ka sallami ɗalibi da yunwa ba. Mu da muke zuwa daga Bugaje, kafin mu buɗe littafi sai ka leƙa cikin gida ka ce wa uwargidanka Inna Rabi'a ta dama fura, wai baƙinta masu cikin zani sun iso. Muna jin kunya, muna shanyewa.

Amma mun san abin da ke cin ranka. Ka tafi zurfafa ilmi wurin Malam Kalilu a ƙasar Maraɗi, ka karance babban littafin fiƙihu a gabansa, saura babi guda, sai rasuwar mahaifiyarka ta dawo da kai gida. Kafin ka koma, Turawan Faransa suka shiga kama malamai a wancan gefe, hakimi kuma ya hana ka ƙetare iyaka. Malam Kalilu ya tsufa, ba ya iya hawan jaki. Tafiyar da ba ta kai yini ba ta gagare ku, har ya rasu.

Duk sanda karatu ya kai mu wannan babi sai ka rufe littafi. Na taɓa yin ƙarfin hali na ce, ai Malam Larabcin a fili yake, ka karanta mana kawai. Ka dube ni ka ce, “Manu, abin da ban ji daga bakin malami ba, ba zan sa shi a bakinka ba.” Ranar na ji haushinka. Yau tausayinka nake ji.

Babin kuwa na rabon gado ne. Jiya aka tara mu, ɗalibanka duka, a zaurenka don a raba wa iyalinka abin da ka bari. Muka yi ta kallon juna. Babu wanda ya yarda ya taɓa, sai da aka aika Katsina a zo da wani malami.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Malam Kalilu inda babu mai tsare hanya. Inna Rabi'a, da 'ya'yan Malam, Rabe da Nana, Allah ya ba ku haƙuri. Ku yafe mana, iyakar inda Malam ya kai mu ke nan.