Ɗan Jarida Mai Tafiyar Gawa

A ofishin rajistar masu zaɓe akwai wani dogon mutum da ya kasa tsayuwa a layi kamar kowa. Yana jan ƙafa ɗaya, wuya a karkace, hannuwa a miƙe, sai ya tsaya ya rubuta wani abu a wayarsa mai fasasshen gilashi. Katin aikin jarida na lilo a ƙirjinsa, hoton jiki ya fi shi ƙiba. Ina jin jaridar intanet yake wa aiki, irin wadda labarin gaskiya ya daina kawo mata masu karatu.

Wata dattijuwa ta tambaye shi ko ciwo ne.

"A'a, Mama, labari nake ƙirƙira. Matattu sun taso, 'yan siyasa na rububinsu. Tafiyarsu nake gwadawa."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta nuna masa jerin sunayen da ke manne a bango.

"Ga sunan mijina nan. Shekara tara da rasuwa, bai taɓa fashin zaɓe ba. In kun haɗu, ɗana, ka ce ya biyo ta gida, rufin ɗaki na yoyo."