Yayen Ɗana A Ƙetaren Iyaka

Mijina direban babbar mota ne, kuma duk abin da rediyo ya faɗa gaskiya ne a wurinsa. Tun lokacin da aka ce shugabannin ƙasashenmu sun zauna sun yarda talaka ya shiga ƙasar maƙwabta ya fita ba tsangwama, bakinsa bai huta ba. A ƙofar gidanmu a unguwar Shamaki yake tara mutane yana cewa iyaka ta mutu. Kuɗin mai na yawo a gari, kowa ya ɗauka haka za a dawwama.

Da ɗana na fari ya isa yaye, sai mijina ya ce a kai shi wurin mahaifiyarsa a Nijar, tunda al'ada ce kaka ta yaye jika. Raina bai so ba. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa don kunya, balle in ce ba zan iya rabuwa da shi ba.

"Malam, da nisa fa," iyakar abin da na iya cewa ke nan.

"Ina nisan? Duk wata ina can. Yana manta nono zan dawo miki da shi."

Bai dawo da shi ba. Farashin man fetur ya faɗi, mulki ya canja hannu, aka rufe iyaka ruf. Shugabannin da suka rungumi juna jiya a gaban masu hoto, ba wanda ya tambaye su yadda za a yi da yaron da aka kai yaye. Mijina ya je ya dawo, ya sake zuwa, sojoji suka koro shi. Na tsani rediyon nan, na tsani mai shi na wani lokaci. A banɗaki nake kukana, don kada matan gida su ce na yi rashin kunya a kan ɗan fari.

Damina biyu ta wuce kafin a buɗe. Muka tafi tare.

Muna zaune a tabarma surukata ta ƙwala kira. Wani yaro ya fito, ya yi tsawo, an yi masa aski irin nasu. Ɗana ne, amma a gaban suruka ba dama in miƙa masa hannu.

"Kawo wa mutane ruwa," in ji ta.

Ya kawo a ƙwarya, ya durƙusa da ladabi kamar yadda aka koya masa.

"Sannu da zuwa, baƙuwa," ya ce da ni.

Na karɓa na sha.