Kwalekwalen Tela a Tekun Jidda

Ana sallame sallar asuba a Harami muka nufi Jarwal, inda motocin Jidda ke lodi. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina tela mutumin Yawuri, da wani dattijo mai sayar da turare da aka ce wa iskar teku na maganin tari. Telan ya sami ciniki a hajjin bana, sai ya sayi ɗan kwalekwale don shan iska kawai, ya rantse sai ya kewaya da mu.

An cusa mu a mota kamar dabino a buhu. A Bahra muka tsaya karyawa, ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, kurushi kaɗan mutum ya ƙoshi. Kofin shayinsu kuwa, sai da na sha goma sha ɗaya kafin maƙogwarona ya san an yi baƙo.

Da hantsi muka shiga Jidda. Gumi ya jiƙa ni har sai da na matse rawanina. Amma teku, masha Allah! Rabona da ita shekara ashirin, tun da muka ƙetaro daga Sawakin, kuma ranar a kwance na yini ina amai, ban ga komai ba. Ashe launi-launi ce: can shuɗi mai duhu, nan kore shar.

Muna kwance igiyar kwalekwalen sai ga wani tsohon nahuda, wato shugaban jirgi, irin masu ɗauko alhazai daga manyan jiragen da ba sa iya matsowa gaɓa. Bahaushe ne, amma rabin maganarsa Larabci. Ya dubi tela ya ce, "Ya hajji, wa ya koya maka bahar?"

"Baba, a bakin Kwara aka yanke mini cibiya."

"Kwara ba ta da haƙora. Kada ka hau koren ruwa, wallahi."

Aka gaya mana shi sai da ya yi shekaru yana bin manya kafin shaihin masu jirage ya ba shi takardar izinin ɗaukar mutane. Tela ya raɗa mini wai takarda ba ta tuƙi.

Da farko ya fitar da mu kunya. Hannunsa ya san filafili, muka yi nisa muna kallon kifaye masu ado kamar amare. Sai iska ta taso, igiyar ruwa ta fara wasan 'yar tsana da mu. Tela ya hango wani wuri kore, ruwan kwance luf. A kogin garinsu irin wannan wuri yashi ne, nan ake fakewa. Ya miƙe can. Ƙararas! Dutsen murjani ya tsaga cikin kwalekwalen.

Ni ban iya iyo ba, dattijo ma haka. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Ina kwarfa da hula, dattijo yana kwarfa da butar alwala yana salati. Tela ya dira zai tura mu kamar yadda ake yi a kogi, dutsen ya tsattsage masa ƙafafu, ya hawo yana jini. A nan na yafe wa duk wanda ya taɓa cuta ta, har da waɗanda ke shirin yi.

Ashe nahuda bai yarda da mu ba. Ya bar cinikinsa ya biyo mu daga nesa. Abin da na gani ba zan manta ba. Bai miƙo kanmu kai tsaye ba. Ya tsaya a goshin jirginsa, idonsa a ruwa, yana nuna wa matuƙansa da hannu, dama, hagu, tsaya, yana bin siririn shuɗi a tsakanin koren kamar mai zura zare a allura. Ya fara ɗauke dattijo, sannan tela, sannan ni, wai nauyina sai an shirya. Muna kallo kwalekwalen ya zauna a kan dutse, ruwa ya rufe shi.

Nahuda bai yi faɗa ba ko kalma ɗaya. Ya ɗaure wa tela ƙafa da rawaninsa, ya sa aka soyo mana kifi. Tela ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka koya mini." Ya ce, "Ahlan. Amma shekarar farko ba ka taɓa filafili. Ruwa za ka riƙa kallo."

Kafin isha muna Makka. Tarin dattijo ya tafi, ina jin tsoro ne ya kore shi.

Abin da na ɗauko shi ne wannan: direban da ya kai mu Jidda sai da aka gwada shi aka ba shi takarda, alhali in motarsa ta lalace sauka za mu yi mu taka. A teku ina za ka taka? Duk mai ɗaukar rayukan mutane a ruwa, ko na shan iska ne, a tilasta masa ya zauna gaban masana tukuna.

Yanzu duk Alhamis tela na Jidda, zaune a goshin jirgin nahuda yana zare wa ruwa ido. Ya ce ran da ya karɓi takardarsa ni zai fara ɗauka. Na ce madalla, zan zo in duba hatimin da kyau, sannan in ɗaga masa hannu daga wurin mai soya kifi.