Karen Duban Gawa

Kersi Batliwala bai taɓa aure ba. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce yana da Yaya Tehmi a gida, me zai sa ya je ya ɗauko faɗa na biyu da ƙafarsa? Ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran keken ɗinki a wani lungu na birnin Bambai a Indiya, har idonsa ya daina ganin kafar allura. Sai ya rufe shago ya koma ɗakinsu na saman bene, yana kallon yayarsa tana kallonsa. Ita kuwa tun da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ne kaɗai ya tsira, kuma ya tsira da ƙarfinsa.

A jana'izar wani abokinsa ya ga karen. A wurinmu, Farsawan Bambai, ba a ɗaukar mamaci sai an jawo kare da igiya ya dubi fuskarsa, sannan a fitar da karen a ba shi gutsuren burodi. Wannan karen, Sheru, ya tsufa a wannan aiki. Bakinsa ya yi furfura, ƙafar baya tana ja. Mai kula da wurin ya ce sun samo sabo, wannan kuwa likitan dabbobi zai yi masa allurar da ba a tashi.

"Au, wanda ya daina aiki allura ake yi masa?" in ji Kersi. "To ga hannuna ni ma."

Ya karɓi igiyar.

Sheru bai san bene ba, ƙafarsa ma ba za ta iya ba. Kersi ya rungume shi ya hau da shi, yana haki. Da ya sauke shi, zumuɗi ya sa ya yi abin da ko ɗan yaye a cikinmu ba zai yi ba: ya ja shi da igiya zuwa ɗakin Tehmi don su gaisa. Tana kwance rigingine, ta lulluɓa da farin mayafi har wuya.

Karen ya taka a hankali, ba haushi, ba kaɗa wutsiya. Ya tsaya daidai kanta, ya zuba wa fuskarta ido. Da ya gama, ya juya ya zauna gaban Kersi yana jiran burodinsa.

Ihun Tehmi har ƙasan bene.

"Kersi, ɗan banza! Da raina? Ka kira masu ɗaukar makara ma, mu gama!"

"Yaya, gaisuwa ce fa."

"Gaisuwar uwaka!"

"Uwarmu ɗaya, Yaya."

Daga ranar Tehmi ta ƙi kwanciya. A kujera take wuni, a kujera take barci, har ƙafafunta suka kumbura kamar tulu. Baba Dinsho na ɗakin kusa, wanda ya shekara da shekaru yana ƙailula a baranda, ya koma yinta a tsaye jingine da bango. In Kersi ya wuce da karen, ƙofofi sai su riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Tehmi ta yanke hukunci: in bikin sabuwar shekara ya zo karen bai bar wannan kallo ba, zai koma inda ya fito. Kowa ya san abin da ke jiransa a can.

Kersi ya yi tunani irin na mai gyaran keke: abin da aka saita, ana iya sake saita shi. Duk rayuwar Sheru bai taɓa ganin wanda ya kwanta ya tashi ba. To, sai a nuna masa.

Ya shimfiɗe a kan simintin falo, ya rufe ido. Ya ji ƙarar farce tana matsowa, ya ji numfashi mai ɗumi a goshinsa. Sai ya zabura ya ce, "Ga ni!" Karen ya kurma wani kuka, ya shige ƙarƙashin kabad, ya wuni can yana karkarwa.

"Madalla," in ji Tehmi daga kujera. "Yanzu shi ma ya ga fatalwa."

Kersi bai fasa ba. Ya daina zabura, ya koma buɗe ido ɗaya, ya motsa yatsa, ya kira sunan karen a hankali. Burodi kuwa ba ya bayarwa sai karen ya lashi fuskarsa ko ya kaɗa wutsiya. Safe da yamma yana sauka da shi a rungume, yana hawowa da shi a rungume. A tsakiyar bene yakan tsaya, wani abu ya matse masa ƙirji ya sauka hannun hagu. Ya ce wa Baba Dinsho iska ce, wake ya ci.

Sannu a hankali Sheru ya koyi zaman gida. Ya gano inda rana take faɗowa ta taga. Ya fara satar silifas. Wata rana ma ya yi wa mai kawo madara haushi, Kersi ya kusa kuka don murna.

Ranar bikin, bayan an ci kifi da shinkafa, Kersi ya taimaka wa Tehmi ta kwanta a gadonta, tana zaginsa ƙasa-ƙasa, hannunta mai lafiya ya damƙe bakin mayafi. Ya buɗe ƙofa, ba igiya. Sheru ya shigo yana ɗingishi, ya shinshina gefen gado, ya lashi tafin ƙafarta, wutsiya tana bugun katako.

"Kai, ƙazami!" in ji Tehmi. Amma muryarta ta saki. "To, ya zauna. Ka dai wanke min ƙafa."

Kersi ya yi dariya har da hawaye. Ya zame ƙasa, ya miƙe a bakin gadon, ya ce bari ya ɗan huta. Zufa mai sanyi ta karyo masa. Silin ɗakin ya yi masa nisa.

Bugun wutsiyar ya tsaya.

Ya ji ƙarar farce tana matsowa, a hankali, taku irin na dā. Ya so ya motsa yatsa, ya so ya kira sunan. Fuskar mai furfura ta tsaya daidai kansa, shiru, tana dubansa.

"Kersi," in ji Tehmi. "Tashi, wasan ya isa haka. Kersi? Dinsho! Dinsho, zo!"