Ƙarfen Makarantar Fada

Makarantar Katolika da ke bayan gidanmu, a kan hanyar Anka zuwa Gummi, da aji biyu na laka ta fara. Ƙararrawarta wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a tsamiya. Mu Musulmi ne, amma da ƙarfen nan muke sanin lokaci. In aka buga shi da tsakar rana, Inna takan ce mini, "Ɗiyan Fada sun buga ƙarhe, tashi ki aza tukunya."

A kan idona aka rushe laka aka sa bulo, aka haƙa rijiya, aka gina ɗakin kwanan 'yan mata. Can na yi karatu, can kuma na koyar da Hausa. Gini na ƙarshe katanga ce, a shekarar da 'yan bindiga suka fara kwasar mutane a ƙauyukan Bukkuyum. Katangar banza! Ko fenti ba ta sha ba iyaye suka kwashe 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Yanzu 'yan gudun hijira ne a ajujuwan. Ƙarfen yana nan a tsamiyarsa, amma ba a taɓa shi sai an hango babura daga daji. Rannan aka buga shi da tsakar rana. Inna, wadda tsufa ya rikita, ta ce in tashi in aza tukunya. Ni kuwa ina laluben zanen da zan goya ta da shi.