Ranar Da Inna Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da wata Laraba ba, ranar da na banko ƙofar wani ɗaki a unguwar Narayi da ke Kaduna ina ganin ceton mahaifiyata nake yi. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Yayanmu, ɗan farin Inna, makanike ne a Makera. Ya fita gwajin wata mota da ya gyara, tirela ta yi ciki da shi a hanyar Abuja. Inna kuwa irin matan da ce masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "yayanku" ko "wancan". Ranar da aka kawo gawarsa gidanmu na Tudun Wada, ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba. Masu zuwa ta'aziyya suna ta yaba mata, wai ga mai tawakkali. Ni ma, Allah Ya yafe mini, har alfahari nake yi da ita.

Bayan sadakar arba'in abin ya fara fitowa. Ta daina cin abincin kirki, barci ya ƙaurace mata, ta rame har awarwaronta yana zamewa. Muka yi ta yawon asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, ban da hawan jini ba a ga komai ba. Daga ƙarshe wani likita ya ce damuwa ce ke cinta, kuma in ba a tare ta ba za ta iya kai ta ƙasa. Ya tura mu Narayi wurin wata mata mai zama da masu irin wannan ciwo, 'yar kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar jakar Kano.

Ni dai Allah Ya yi ni da baki, a kasuwa ma an san ni. Muna zama na tambaye ta, "Madam, allura za ki yi mata ko ƙwaya za ki ba ta?"

"Ko ɗaya. Maganin hawan jininta ta ci gaba da sha. Ni magana za mu yi."

"Magana? Ai muna da ita a gida, har ta yi mana yawa."

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. Ta ce ba shaci-faɗi ba ne, masana sun daɗe suna bincike a kai. Sukan kwatanta mutanen da aka zauna da su da waɗanda ba a zauna da su ba, su ga da yawa daga cikin na farkon sun fi samun sauƙi. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, ba za ta yi mini ƙarya ba, kuma sai an jure makonni. "Abu ɗaya nake roƙo," in ji ta, "in mun shiga da Mama, ki jira mu a waje. Abin da ta faɗa mini tsakaninmu ne." Na ce to, amma a raina na ce uwar wa za a ɓoye wa wa.

Haka muka riƙa hawa keke-napep duk Laraba, ni in zauna a benci ina ƙunƙuni. Mako na biyu Inna ta cinye tuwonta. Na uku ta ce in kira mata mai kitso. Na ga wannan duka da idona, amma na ce ai rubutun da ƙanwarta ta aiko ne ya fara aiki. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Laraba ta huɗu aka ɗauke wuta, fankar ɗakin ta tsaya, sai na fara jiyo muryoyinsu. Na matsa kusa da taga. Inna ce ke kuka, irin kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba, kuma tana kiran sunan yayanmu, tana maimaitawa. A ganina an tozarta tsohuwa, an sa ta yi abin da ta shekara arba'in ba ta yi ba. Ban tsaya tunani ba na banko ƙofa.

"Madam, wannan wane irin wulaƙanci ne? Mu a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Mun kawo ta ki ba ta lafiya, kin sa ta kuka."

Matar ta miƙe a hankali. "'Yar'uwa, don Allah ki koma waje. Ban sa ta ba. Ita ta ga dama."

Ban ko kalle ta ba, Inna na kalla. Kukan ya tsaya cak. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce da ƙaramar murya, "Kin ji ni?" Ta laluba takalmanta ta ce mu tafi gida. Duk tsawon hanya fuskarta na kallon titi.

Ba ta sake komawa ba. Matar ta yi ta bugo waya, har ta tako gidanmu sau ɗaya da rana tsaka. A lokacin jikina ya yi sanyi, na shiga ɗaki na roƙi Inna ta fito. Ta ce in ba baƙuwa ruwa in yi mata godiya. Sai a sannan na gane abin da na ɓata. Inna ta samu wuri ɗaya tak a duniya da ba 'ya'yanta, ba dangi, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, ni kuma na kutsa kai ciki. A zaure matar ta ce mini kukan nan ba lalacewa ba ne, sau da yawa sai an bi ta nan ake fita. Ta ce ƙofarta a buɗe take. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta koma gidan jiya, har ta fi da. Kafin shekarar ta fita hawan jinin ya buge ta, ɓarin jikinta ya shanye. Wata safiya ina ba ta kunu a gadon asibiti, na ce ta yafe mini abin da na yi a Narayi. Ta dube ni, bakinta a karkace, da ƙyar maganar ke fita.

"Na yafe miki. Labarinsa nake ba ta tun daga haihuwa. Inda ya fara tafiya da ƙafarsa kawai na kai."

Kwana tara bayan nan ta rasu.

Ban ce da an ƙarasa zaman da tana raye ba. Rai na Allah ne, kuma matar da kanta ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba. Amma na ga sauƙi ya fara shigowa, kuma ni na kore shi, da sunan kare mutuncin uwata. Abin da na koya ya zo mini da tsada: wanda bai yi kuka ba, ba lallai ne ya haƙura ba, wataƙila wurin yi ne bai samu ba. In ka ga naka ya samu wanda zai buɗe wa cikinsa, ko ba ka gane yadda magana ke zama magani ba, ka zauna a bencinka ka bar shi ya kai ƙarshen labarinsa.