Manhajar da ba ta yankewa

'Yan uwa, yau da kunnena na ji matsayina!

Kun san Sadiq, wanda ya kawo kuɗin gaisuwata gidanmu, ni Maryama. Ya ce in zaɓa masa manhajar haska wasan ƙwallonsa na kwamfuta kai tsaye. Biyu na gwada. Ɗaya da sabis ya yi rawa sai ta yanke, ɗayar kuwa ko an rufe shafinta tana nan tana aiki. Ita na ɗora masa a kwamfutata.

Bayan la'asar ina ɗaki ina kallo a waya. Ya gama wasa, ya rufe shafi, ya zaci ya kashe. Sai abokinsa Bashir ya ce, "Ango, yaushe biki?"

Sadiq ya tuntsire da dariya. "Da wa, Maryama mai hira da taurari? Bari dai tashata ta kafu. Amaryata tana unguwar Zango, wannan injiniya ce kawai!"

Innalillahi! Masu kallo suna ta turo dariya, har da ƙanwarsa!

Na shiga wurin sharhi na rubuta, "Jan maɓallin ƙasa ake dannawa, Sadiq."

Bashir ne ya karanta masa da ƙarfi.